Yadda ake masa ta tashi ta yi laushi, ko da hidimar gida ta yi miki yawa

A Bauchi ba a cika yi wa mace uzuri a kan masa ba. Tuwo ya yi gudaji, a ci a yi shiru. Miya ta ji gishiri, a ƙara ruwa a wuce wurin. Amma ranar da masa ta fito a cure ba ta tashi ba, ko ta yi tsamin da yara ke yatsina fuska, sai maganar ta zagaye gida. Maigida ya ce a ba yaro kuɗi ya sayo ta bakin hanya, wata cikin dangi ta ce ai dama masa sai 'yar gado. Ita kuma wadda ta jiƙa, ta kai niƙa, ta tashi tun asuba ta hura wuta, sai ta koma ɗaki ranta a ɓace tana cewa hannunta ne ba ya yi.

Ba hannu ba ne, 'yar'uwa. Abu huɗu ke gyara masa ko su ɓata ta: irin shinkafar da aka saya, yawan ruwan da ya shiga ƙullu, awowin da ƙullun ya yi a ajiye, sai zafin tanda. In kin lura kuma, ba a bakin murhu aka fi yin asarar ba. Tun jiya aka yi ta, lokacin da aka aiki yaro inji ba a gaya masa komai ba, ko aka zuba yis da magariba don kawai a lokacin uwargida ta samu sararin zama. Shi ya sa zan bi da ke daki-daki tun daga kasuwa, kuma inda aka fi faɗuwa nan zan fi daɗewa.

Ga abin da za ki tanada na gida mai mutum shida ko bakwai: shinkafar tuwo gwangwanin madara 4, yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 2 zuwa 3, gishiri ƙaramin cokali 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, albasa 1, man gyaɗa, da 'yar kanwa da za ki jiƙa ki ajiye ko da za a buƙace ta. Wannan zai ba ki masa 25 zuwa 30, gwargwadon zurfin ramin tandarki.

Shinkafa

In kin shiga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ki ce a auna miki shinkafar tuwo, farar nan wadda ba a turara ba. In maigida ne zai yi cefanen, ki nanata masa, don maza da yawa shinkafa duk shinkafa ce a wurinsu, har ma su zaɓo mai tsada suna ganin sun kyauta. Turarriyar shinkafa, irin ta dafa-duka, an riga an dafa ta rabi tun tana cikin ɓawonta. Ko ta kwana a ruwa ba ta jiƙuwa yadda ake so, a inji ba ta yin laushi, ƙullunta ya yi nauyi, masar ta fito da tauri. Ganewa ba wuya: ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza. Ta tuwo fara ce sol, nan take take karyewa ta bar miki gari a haƙori. Turarriya kuwa tana da ɗan ruwan ɗorawa da sheƙi, ga tauri. Karyayya ba laifi, niƙa za a yi, sau da yawa ma ta fi sauƙin kuɗi. Ki dai sunsuna, in tana warin ajiya ki bar ta, don warin ba ya fita ko an soya.

Ki wanke sau biyu ko uku, ki rege tsakuwa. Ki ware rabin gwangwani gefe, sauran uku da rabin ki jiƙa da ruwan da ya sha kanta sosai. Awa 5 zuwa 6 ya isa. Alamar ta jiƙu ita ce ki murza ƙwaya tsakanin yatsu biyu ta farfashe. Masar da ake ci ana jin tsaki-tsaki a baki, yawanci gajeren jiƙo ne ya jawo.

Lissafin lokaci, tun kafin ki taɓa ruwa

Nan ne gaba ɗaya aikin yake, kuma nan ne ba a koya mana. Kada ki fara da tambayar yaushe zan jiƙa. Ki fara da yaushe za a ci, sannan ki ƙirgo baya.

Yis abu ne mai rai. Yana cin sukari da sitacin da ke cikin ƙullu, yana fitar da iska, iskar ce ke kumbura masa ta yi mata ƙofofin nan na ciki. Ya fi jin daɗin aiki a ɗumi kimanin digiri 27 zuwa 35. In an yi sanyi sai ya yi nawa, in zafi ya kai wajen 60 sai ya mutu. To ki dubi garinmu. A Disamba da Janairu, da hunturu ya kankama, dare kan sauka ƙasa da digiri 15. A Maris da Afrilu kuwa rana kan kai 38 har 40, ɗakin girki mai rufin kwano ma ya fi haka, kuma ba ya hucewa da dare. Ƙullu ɗaya, ma'auni ɗaya, hannu ɗaya, amma wanda ya buƙaci kwana guda a Janairu, a Afrilu awa 2 ya ishe shi. Mace ta koyi masa da sanyi ta yi kyau, bazara ta zo ta bi ƙa'idar nan sak, ta wayi gari da ƙullu mai tsami har yana hawa hanci, sai ta ɗauka ta manta yadda ake yi. Ba ta manta komai ba, yanayi ne ya juya.

Saboda haka in masar karin kumallo kike so da hunturu, ki jiƙa da hantsi ko azahar, a kai niƙa kafin magariba tun masu inji ba su rufe ba, ki sa yis bayan isha'i, ki rufe ki kwanta. Da asuba za ki tarar ya tashi. In bazara ce kada ki yi haka. Ko dai ki sa ƙullun a firij ba yis, ki fito da shi da asubar fari ki haɗa, ko kuma, in ba ki da tabbacin wuta za ta kwana, ki mayar da masar ta yamma: jiƙo bayan sallar asuba, niƙa da rana tsaka, yis da azahar, suya bayan la'asar. Ko ba yis, ƙullun da ya kwana a ɗaki mai zafi zai yi tsami da kansa, da haka iyayenmu ke tayar da nasu tun kafin yis ɗin kanti ya zo. In dole ce ta sa sai ya kwana ba a firij ba, ki rage yis zuwa rabin ƙaramin cokali, ki ajiye robar a inda ya fi sanyi a gidan, kusa da randa ko cikin baho mai ruwan sanyi.

Shawarata ga mai koyo, kada ki gwada masa ranar makaranta. Ga wankan yara, ga neman safa ɗaya da ta ɓata, ga mai Keke yana ta hon a ƙofar gida, ke kuma kina gaban tanda. Dole ki ƙara wuta don ki yi sauri, kuma da kin ƙara wuta masa ta ƙone a waje ciki ɗanye. Ki bari sai Asabar, ko yammacin da ba ki da unguwa.

Dafaffiyar shinkafa

Rabin gwangwanin nan da kika ware, ki dafa shi da ruwa mai yawa, ba gishiri ba mai, har ya yi luguf ya kusa zama tuwo. Mutane da yawa na tsallake wannan don ganin ƙaramin abu ne, alhali shi ne laushin masa. Garin alkama yana da danƙon da ke riƙe iska, shi ya sa burodi ke tashi ya tsaya. Shinkafa ba ta da shi. Dafaffiyar ce ke ba ƙullu ɗan yauƙin da zai kama iskar yis kada ta tsere. Wasu kan ɗebi kaɗan daga niƙaƙƙen ƙullun su yi talge da shi su mayar, duk hanya ɗaya ce. Farar shinkafar da ta rage jiya ma za ta yi, matuƙar ba a sa mata mai ba kuma ba ta fara canza ƙamshi ba.

Abu biyu za ki kiyaye. Kada ta yi yawa, don in ta wuce kima masar za ta riƙa caɓewa wajen juyi, cikinta ya yi danƙo ko ta nuna. Sannan ki bar ta ta huce sarai. Ki baza ta a faranti tun da wuri. Zuba ta da zafinta a kan yis kashe shi ne, kuma ba za ki sani ba sai bayan awa uku kin buɗe roba kin ga ƙullu yana nan yadda kika bar shi.

Inji

Ki tsane jiƙaƙƙiyar a kwando, ki haɗa da dafaffiyar, a kai niƙa. In za ki iya zuwa da kanki, ki je. In yaro za ki aika, ki aiki mai wayo, ki ba shi ruwan gida a 'yar jarka, kofi ɗaya da rabi zuwa biyu, ki ce masa da wannan kaɗai za a niƙa. Mai inji ba mugunta yake yi ba, ruwa ne ke sa injinsa gudu, ga layi na jiransa, kuma in ya gama yakan ƙara moɗa guda ya ɗauraye injin a cikin robarki. Wannan ɗaurayar ta ƙarshe ita ke tsinka ƙullu. Ki ba yaron ƙaramin kwano daban a tara ta a ciki, in kin buƙaci sassautawa daga baya sai ki yi da ita. Ki kuma ce ya duba abin da aka niƙa kafin naku. In kayan miya ne ko wake, a wanke injin tukuna, in ba haka ba ki ga ƙullu ya dawo da ja-ja yana ƙamshin attaruhu.

Mai bilenda ta niƙa kaɗan-kaɗan, da ruwan da zai sa wuƙar ta juya kawai, tana hutar da ita kada ta yi zafi.

Kaurin da ake nema a wannan matakin ya ɗan fi na kunun gyaɗa mai kauri: ki ɗebo da ludayi ki zuba, ya sauko a haɗe a hankali, ba ya ɗiga ba kuma ya tsaya. Gara ya yi kauri, domin bayan ya tashi zai saki da kansa, kuma ƙara ruwa ya fi cire shi sauƙi. In kuwa ya riga ya dawo tsararo, kada ki sa yis tukuna. Ki ajiye shi minti 30 ba motsi, garin zai kwanta ƙasa, ki tsiyaye ruwan da ya taso sama a hankali.

Yis da tashi

Kada ki yarda da yis sai kin gwada shi, musamman na ƙulli a leda da ya daɗe a rataye a kanti rana na dukansa. Ki samu rabin kofi na ruwa mai ɗumi, wanda za ki sa yatsa ki bar shi a ciki ba ki ji zafi ba. Ki zuba sukari ƙaramin cokali ɗaya da yis ɗin, ki motsa ki bari minti 10. In ya yi kumfa ya taso, yana da rai. In ya kwanta shiru, ki zubar ki aika a sayo wani. Minti goman nan su ne tsakaninki da asarar shinkafa gwangwani huɗu. Ragowar yis kuma ki zuba a kwalba mai murfi ki sa a firij, ko wuri mai sanyi marar danshi.

Ki juye shi cikin ƙullu ki buga da ludayi ko muciya kamar minti 5, har ki ga ya yi sumul. Gishiri da sauran sukarin ki bar su sai an zo suya. Gishiri na rage wa yis ƙarfi, sukari mai yawa kuma na sa ya yi gaggawa ya wuce. Robar ta zama babba, ƙullun kada ya wuce rabinta, in ba so kike ki tashi ki tarar ya malale a ƙasa ba. Ki rufe, ki ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa, don kowane yaro sai ya so ya buɗe ya leƙa.

Da hunturu ki taimaka masa da ɗumi: ki naɗe robar da tsohon bargo, ko ki ajiye ta gefen murhun da aka gama girki toka na da sauran zafi, ko ki zuba ƙullun a babbar kula. In da rana ne ki kai shi inda hantsi ke bugawa. Gefen murhu na ce, ba kan garwashi ba.

Agogo jagora ne kawai, idonki da hancinki su za su yanke hukunci. Ƙullun da ya isa suya ya kusa ninka kansa, samansa duk ƙananan ƙofofi, in kin sa ludayi za ki ji yana 'yar ƙara ta kumfa tana fashewa, ƙamshinsa tsami-tsami mai daɗi. Wanda ya wuce kuwa za ki ga shaidar inda ya kai a jikin roba sannan ya koma ƙasa, ruwa ya taso masa, warinsa na da kaifi. In ya isa alhali ke ba ki shirya ba, baƙi sun yi sallama ko jariri ya ƙi kwanciya, ki buga shi iskar ta fita ki sa a firij ko cikin bahon ruwan sanyi. Zai jira ki awa ɗaya ko biyu.

Haɗi na ƙarshe

Ki lura da masu masar sayarwa a unguwa. Ba sa haɗa babbar roba gaba ɗaya. Suna ɗiba a ƙaramin kwano, su gyara wannan, su soya, sannan su sake ɗibowa. Ki yi koyi da su. Bekin foda da ya ji ruwa ƙarfinsa na tafiya, sukari kuma in ya zauna yana tsinka ƙullu, sai ki ga masar farko ta yi kyau ta ƙarshe ta zama lagwani. Ki raba ƙullun gida biyu ko uku, kowane kashi ki sa masa rabonsa na gishiri, sukari, bekin foda da yankakkiyar albasa ƙanana lokacin da za ki soya shi. Ni na fi son albasar a yanka a lokacin a kan a niƙa ta tare da shinkafa, domin niƙaƙƙiya in ta daɗe a ƙullu da zafi warinta na canzawa.

Ki ɗanɗana a harshe. In tsamin ya yi yawa, nan kanwa ke shigowa. Ki tace ruwan da kika jiƙa, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya, ki juya, ki sake ɗanɗanawa. Za ki ga ƙullun ya ɗan yi kumfa, kanwar ce ke kashe tsamin, kuma hakan ma na ƙara masa tashi. A hankali dai. Kanwa in ta zarce masar za ta yi ruwan ɗorawa, ta yi ɗaci-ɗaci da warin da ba mai iya ɓoye shi, kuma ba ta da gyara sai dai a ƙara wani ƙullun a kai. Ɗan tsami kaɗan ba aibi ba ne, shi ne ɗanɗanon masa. Kada ki kashe shi duka.

Sukari kuma ki yi masa linzami ko da yara na so. Shi ke sa bayan masa ya yi baƙi tun cikinta bai nuna ba, shi ke sa ta kama tanda. Mai son zaƙi a barbaɗa masa a faranti ko a zuba masa zuma.

Tanda da wuta

Tandar ƙasa ta fi riƙe zafi daidai, masarta ta fi ƙamshi, amma sabuwa sai an hore ta. Ki shafe ramukan da mai, ki ɗora a wuta marar ƙarfi ta sha, ki sake shafawa, ki soya 'yar albasa a ciki, ki maimaita har ramin ya yi baƙi yana sheƙi. Ta ƙarfe ma haka take so. Wadda ta horu kuma kada a sa mata soson ƙarfe da omo. Yarinya mai son a yaba mata za ta iya kankare miki aikin shekara guda a wanke-wanke ɗaya, don haka ki gaya wa duk mai taya ki aiki: tanda goge ta ake yi da tsumma mai tsabta a kife.

Wuta matsakaiciya ake so, mai ɗorewa. A gawayi, ki bari ya ruru ya zama garwashi, ki baza shi ya kai ƙarƙashin kowane rami. A gas ko risho, harshen wutar wuri ɗaya yake bugawa, sai wasu ramukan su ƙone wasu ba su ko yi zafi ba, saboda haka ki riƙa juya tandar kina zagayawa da ita. Ki bar ta ta yi zafi tukuna kafin mai ya shiga. Sannan ki zuba mai kamar rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya a kowane rami, ki ɗiga ƙullu kaɗan ki gani. In ya yi "cuu" a hankali gefensa ya fara kumfa, ta yi. In ya yi shiru, ki jira. In mai na hayaƙi, ki sauke ta ta huce.

Ki zuba ƙullu ya kai kashi uku cikin huɗu na ramin, kada ki cika, ki bar masa wurin tashi. Daga nan sai haƙuri. Za ki ga gefen ya fara bushewa ya yi ja, ƙofofi sun buɗe a sama, tsakiyar kaɗai ta rage da ɗan ruwa-ruwa. Wannan kan ɗauki minti 2 zuwa 3. Ki zagaya gefen da bakin cokali, in ta isa da kanta za ta saki, sai ki kifa ta. Ɗanyen tsakiyar nan zai gangara ƙasan rami ya ba ta ɗaya cikin, ta fito a dunƙule. In kin taɓa kin ji tana riƙe, ba ta isa ba, ki ƙyale ta. Rabin masar da ke farfashewa, saurin juyi ne. Ki ɗan ɗiga mai a gefe bayan juyin, ki ba ta wasu minti 2. In tandarki na da murfi ko kina da faifan tukunya da zai rufe ta, ki rufe a zagayen farko, tururin na taimaka wa ciki ya nuna.

Zubin farko gwaji ne, kada ki yanke wa kanki hukunci da shi. Ki fasa ɗaya ki duba cikinta. In waje ya yi ja ciki na da danƙo, wuta ta yi yawa ko ƙullu ya yi kauri: ki rage wuta, ki sassauta da ruwa cokali biyu. In ta sha mai ta yi fari ta yi nauyi, wuta ta yi kaɗan. In tana bajewa ba ta haɗa jiki, ƙullu ya yi ruwa: ki zuba garin shinkafa ko samobita babban cokali 2 zuwa 3, ki ba shi minti 20 ya sha. Fulawa ma na ceto, sai dai tana sa masa ta yi ɗan jan baki. In kuwa ta fito a cure babu ƙofa ko ɗaya, yis bai yi aiki ba, kuma har yanzu ba a makara ba. Ki tayar da sabo a ruwan ɗumi yadda na faɗa, ki zuba, ki sa robar cikin bahon ruwa mai ɗumi, ki ba yara shayi da burodi su rage zafi. Cikin awa ɗaya za ki ga canji.

Akwai ranar da ƙullu zai tsinke ya ƙi duk wata dabara. Kada ki zubar. Ki ɗauko kaskon suya mai faɗi, ki shafa mai kaɗan, ki zuba ludayi ɗaya ya baje, ki rufe, ki bar shi ya nuna ta gefe ɗaya ba juyi. Kin yi sinasir ke nan, kuma da miyar masar dai za a ci shi.

Yara a bakin murhu

Wannan ba na son a ɗauke shi da wasa. Tanda a ƙasa take, daidai tsayin mai rarrafe, ga mai mai zafi a buɗe, ga ƙamshi na kiransu. Kafin ki ɗora, ki damƙa ƙaramin a hannun wani babba, ki ce masa aikinsa ke nan har ki gama. In kina da goyo, ki sauke shi, don sunkuyo kan tanda da yaro a baya na kawo fuskarsa da hannunsa kusa da hayaƙi da fantsamar mai. Manyan ki ba su aiki nesa da wuta, wannan ya jera faranti, wancan ya daka ƙuli. Ki ware musu na zubin biyu su fara ci, za su bar ki ki yi aiki da hankalinki. Sannan duk sanyin da ake yi, kada ki shiga da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Maigida, kai ma ga taka. Masar da ka gani a faranti aikin kusan yini da kwana ce. In ta ɓaci, wadda ta yi ta riga ka sani, kuma ta fi ka jin ciwo. Aika yaro ya sayo ta waje a gaban idonta, ko ambaton masar wata, ba ya gyara ta gobe. Abin da zai gyara ta shi ne ka sayo shinkafar da aka ce, ka riƙe yaran na awa ɗaya, in an yi ba daidai ba ka ci abin da ya samu ka ce Allah ya yi albarka.

Kwashewa da ajiya

Masa mai zafi in an tula ta a leda ko an rufe ta ruf a kula, gumi take yi, bayanta mai ƙaras-ƙaras ya saki ta yi laɓo-laɓo. Ki fara kwashewa a kwando ta sha iska minti kaɗan mai ya tsane, sannan ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a kula ki jera, ki rufa wani a sama kafin murfi.

Miyar taushe ki gama ta tun kafin ki ɗora tanda, kabewarta ta narke, gyaɗarta ta nuna, alayyafo da yakuwa su shiga daga ƙarshe. Ba a haɗa juyin masa da gyaran miya, ɗaya sai ya ƙone. Ranar da ba hali, dakakken ƙuli da yaji da ɗan mai sun wadatar, yara ma sau da yawa sun fi son haka.

Wadda ta rage ta kwana a firij, da safe a turara ta a madambaci minti 5, ko a mayar da ita ramin tanda da ɗigon mai. Ragowar ƙullu ma zai kwana a firij in ba a sa masa sukari da bekin foda ba, sai dai zai ƙara tsami, ki nemi ruwan kanwarki.

In kuma taro ne ya taso, suna ko Sallah, aka ce mudu biyar ko goma za a yi, kada ki ninka yis yadda kika ninka shinkafa. Ƙullu mai yawa a mazubi ɗaya yana ɗumama kansa, ya fi ƙarami saurin tashi, kuma suyarsa za ta ɗauki awowi, na ƙasan yana ta tsami kina ta fama da na sama. Ki raba shi robobi uku ko huɗu, ki sa wa ta farko yis, ta biyu ki jinkirta mata da awa ɗaya, ta uku da awa biyu, yadda kowace za ta iso daidai lokacin da tanda ta gama da 'yar'uwarta. Ki nemi tanda ta biyu a maƙwabta tun jajibiri, da wadda za ta zauna a kanta.